Wata Tsohuwa Mai Sayar da Nono

Shekarar da na ci jarrabawar bak, ta gama sakandare, aka tura ni jami'a a kudu, sashen da ake tara darussan da ba wanda ya san inda za su kai mutum. A shekarar farko an ɗanɗana mana komai: tarihi, labarin ƙasa, falsafa, ilimin harsuna, har da wani darasi kan tarbiyyar yara wanda malaminsa bai taɓa goyon ko ɗan kyanwa ba. Falsafa ta sa mini ciwon kai. Tarihi na so shi, amma masu sonsa sun yi yawa. Daga ƙarshe na faɗa ilimin zamantakewa, wanda can suke kira sosiyoloji.

Da na dawo Malanville hutu, mahaifina ya zaunar da ni a zaure. Dillalin albasa ne a babbar kasuwa, kuma ba ya son kayan da ba a buɗe masa bakin buhu ba. Ya ce in faɗa masa da Hausa abin da nake karantawa.

"Ilimin zaman mutane da juna ne, Baba."

"To mu nan da awaki muke zamne?"

Na yi ta bayani har bakina ya bushe. Na ce ana zuwa wurin mutane, a tambaye su yadda suke rayuwa, a rubuta. Mahaifiyata tana tsakar gida tana juya shinkafar da ta turara a kan tabarma, ta ɗaga murya ta ce ita ta gane, gulma ce, sai dai wannan mai takardar shaida ce. Sunan da karatuna ya ci a gidanmu ke nan har na gama.

A shekarar ƙarshe kowane ɗalibi sai ya rubuta kundi a kan wani abu da ya bincika da kansa. Ni na zaɓi hanyoyin da makiyayan kwarinmu ke bi da shanu bayan girbi, da yadda suke ƙarewa da manoman shinkafa da albasa, waɗanda a lokacin sun riga sun nome ƙasa har bakin ruwa. Malamin da ya duba aikina ɗan kudu ne, siriri, mai sanyin magana, bai taɓa ganin kogin Kwara da idonsa ba. Amma mutum ne mai amana, kuma yana da doka guda da ba ya sassautawa: ba a rubuta sunan wanda ya ba ka labari. Ya ce abin da mutum ya faɗa maka a gindin bishiya, gobe yana kan kanta a ɗakin karatu, kowa na iya ɗauka ya karanta, har wanda ke neman mutumin da sharri. Na yarda da wannan doka a ranar, kuma har yau ban daina yarda da ita ba.

Na dawo gida da 'yar rikoda da kaset-kaset cike da jaka, ina jin kaina. Manoman Garou ba su ba ni wahala ba. Da na ambaci shanu sai kowa ya saki fartanya ya zo, wannan ya nuna mini kunyar albasar da aka tattake, wancan ya rantse da abin da ya fi ƙarfinsa. Makiyaya kuwa, a Madécali da sauran rugage, sun shimfiɗa mini tabarma, sun ba ni nono mai sanyi, sun tambayi lafiyar iyayena. Ina kuke kai shanu da rani? Daji. Wane dajin? Inda Allah ya sa ciyawa. Kuna samun matsala da manoma? Lafiya lau. Na cika kaset-kaset da lafiya lau, na koma gida raina a ɓace.

Mahaifiyata ta dube ni ta ce, "Kina da Inna, kina yawon bin maza suna yi miki dariya."

Inna Bafillata ce daga wata ruga kusa da Toumboutou, ƙawar mahaifiyata tun kafin a haife ni. Duk ranar kasuwa takan kawo nono da man shanu Malanville, a gidanmu take sauke ƙwarya ta yi salla kafin ta koma. Fillanci take yi a gida, Dandanci in mai saye ya ɓata mata rai, Hausa kuma da mu. Lokacin da mahaifiyata ta yi doguwar jinya bayan haihuwar ƙanena, a wurinta na yi damina guda, ita ta yi mini kitson farko da na iya tunawa. Ban taɓa ganinta a matsayin wadda za a yi wa tambaya ba. A tunanina masu ilimin hanya maza ne masu sanda.

Na hau kabu-kabu zuwa Toumboutou, na sauka a rugarsu da jakata. Inna ta kalli rikodar ta tambaya ko tana cin abinci, na ce batir take ci, ta ce to ta fi wasu baƙin sauƙi. Kwana na farko ba ta ce komai ba sai aikena da take yi kamar da. Washegari da hantsi, tana burga nono, na kunna rikodar na ajiye kusa da ƙafarta, ta fara magana ba tare da na tambaye ta ba.

Ta zayyana mini hanyoyin ɗaya bayan ɗaya: inda ake bi in an kwashe gero, rijiyoyin da ke kai rani da waɗanda ke ƙafewa, manoman da ke barin shanu su kwana a gonarsu don taki, da burtalin da ya zama gonar shinkafa a kan idonta. Sannan ta faɗi abin da mazan suka ɓoye mini. In rani ya tsananta, 'ya'yanta maza sukan kutsa da garken cikin gandun dajin da gwamnati ta hana kiwo. Ta faɗi ta inda suke shiga da lokacin da suke fita. Masu tsaron dajin in sun kama mutum sukan ƙwace shanu, wani lokaci su ɗaure mai su. Babban ɗanta ya riga ya rasa shanu a haka, bai kuma daina zuwa ba, don babu wani wurin.

"Ki hwaɗa musu," ta ce. "Ba son daji mukai ba. Hanya ce an ka toshe muna."

Ana gobe zan tafi, muna wankin ƙorai bayan la'asar, ta ba ni labarin ƙetaren kogi. Wani sashe nasa na sani tun ina ƙarama, don duk rugar ta san shi. Asalinsu mutanen wancan ƙetaren ne, wajen Gaya. A wata shekarar fari, ciyawa ta ƙare, shanu suka fara faɗuwa, aka ƙetaro da abin da ya rage na garken zuwa wannan gaɓar. Ba ta gada aka bi ba, don ba su da takardun da duwan, wato 'yan kwastan, ke nema. Ta ruwa aka bi. A bakin kowa, ƙanen mijin Inna ne ya yi wannan aiki. A wurin biki in an kira shi da kirari, da wannan ake kiransa.

Inna ta ce ranar ba ya nan. Ya tafi kasuwar Gaya sayar da bijimi, ya daɗe bai dawo ba. Mijinta yana kwance da zazzaɓi, ko tsayuwa ba ya iyawa. Shanu kuwa kullum sai an wayi gari da gawar wata. Sai ta roƙi wani masunci ya ɗauki mijin da yaran a kwalekwale, ta miƙa masa jaririyar da ke bayanta, ta ɗaure zane a ƙugu. Akwai wata farar saniya da garken ke bi, wadda ita take kula da ita tun tana karsana. Ta shiga ruwa tana kiranta. Saniyar ta tsaya a gaɓa tana huci, sauran suka taru a bayanta. Ruwa ya kai wa Inna ƙirji, ya kai wuya, tana ta kira. Sai saniyar ta faɗo. Da ƙasa ta ƙare a ƙarƙashin ƙafarta, ta kama wutsiyar saniyar, don ita ba ta iya iyo ba. A haka suka fita, garken na biye. Maruƙa kaɗan ruwa ya tafi da su. Ƙanen mijin ya iso bayan kwanaki, ta gada, da ƙafarsa busasshiya.

Na tambaye ta yadda aka yi labarin ya koma kansa. Ta ce mutanen Toumboutou sun ga garke sun ga namiji tsaye a kansa, suka yi masa barka, bai ce a'a ba. Ita kuma ba za ta buɗe baki ta ce mazan gidan mijinta sun gaza ba, ga mijin yana jinya. Da ya rasu, magana ta riga ta daskare.

Ta nuna rikodar da haɓa. "Ta ɗauka?"

"Ta ɗauka, Inna."

"To."

Muka ci gaba da wankin ƙorai.

Maganar Inna ce ta riƙe kundin nan. Abin da manoma suka faɗa da abin da na kwaso daga littattafai duk kewaye ta suka yi. Ranar da na kare aikin a gaban malamai uku, ɗaya daga cikinsu, masanin tarihi, ya karanta wurin ƙetaren kogin da babbar murya, ya ce wannan shafin kaɗai ya biya shi zaman da ya yi. Aka ba ni maki mai kyau, aka ce in gyara 'yan kurakurai cikin makonni kaɗan, sannan in kawo na ƙarshe a ajiye a ɗakin karatu. Na taho gida da kwafi guda. Mahaifina ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya ce ashe gulmar tana da nauyi. Ya tafi da shi kasuwa ya nuna wa abokansa dillalai, ya dawo mini da shi yana warin albasa.

Mahaifiyata ta aika wa Inna cewa ina zuwa in karanta mata. Da na isa bayan azahar, na tarar an share gindin tsamiya an shimfiɗa tabarmi. Inna ta sa baƙin zanenta na zuwa biki, ta sa 'yan kunne. Matan 'ya'yanta sun zauna a bayanta, jikoki sun cika gaba. Can gefe, ƙanen mijin nata, wanda ya tsufa sosai a lokacin, yana zaune a kan buzu yana tufkar igiya. Ban ga alamar an gayyace shi ba, ban kuma ga alamar zai tashi ba.

Kundin da Faransanci yake, don haka sai in karanta jimla a zuci in mayar da Hausa. Na buɗe wurin kogin kai tsaye, don na san shi ake jira. Na ce, "Wata tsohuwa mai sayar da nono a yankin ta shaida mana cewa a shekarar farin, ita ce ta..."

"Tsaya," in ji Inna. "Wace tsohuwa?"

"Ke ce, Inna."

"Haka an ka rubuta? Wata tsohuwa?"

"Haka ake rubutawa. Ba a sa suna."

Ta miƙo hannu na ba ta kundin. Ba ta iya karatu ba, amma ta duba shafin tun daga sama har ƙasa, ta juya bangon. Ta aza yatsa a kan manyan baƙaƙen da ke gaba.

"Wanga hwa?"

"Sunana ne."

"Wanga na ƙasa?"

"Na malamina."

"Shina wurin ranar da mun ka ƙetare?"

Ɗaya daga cikin matan ta yi 'yar dariya ta haɗiye. Ni kuwa kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona. Sai a lokacin na gane abin da ya sa ta sa baƙin zane, da abin da "to" ɗin nan na wurin wankin ƙorai yake nufi. Shekara da shekaru aikinta yana hannun wani, ta jira har ta sami 'yar da ta yi karatu, 'yar kuma ta ɗauke shi daga hannun mutumin ta ba wa wata tsohuwa.

"Tsohi masu saida nono sun cika kasuwar Malanville," ta ce a hankali. Ta tashi ta shiga bukkarta, ta kira ni.

A ciki na ce mata ba a makara ba. Kundin da za a ajiye ban kai shi ba tukuna. Malamina ya taɓa gaya mana cewa in mai labari ya nemi a sa sunansa, bayan ya san abin da ke ciki duka, haƙƙinsa ne, ba mai hana shi. Na ce zan sa, da sunan mahaifinta in tana so. Amma sai na karanta mata wani shafi tukuna.

Na karanta mata wurin gandun daji. Maganarta ce, ba ƙari ba ragi: mashigar da 'ya'yanta ke bi, watan da suke shiga, yadda suke kauce wa masu tsaro. A can ma an rubuta cewa tsohuwar nan mai sayar da nono ce ta faɗa, kuma 'ya'yanta ne ke zuwa. Ta saurara tana murza bakin zanenta.

"Wa ka karanta irin wagga takarda?"

"Kowa, Inna. 'Yan lakwal irina, ma'aikatan gwamnati. Masu tsaron dajin ma, manyansu a jami'ar suka yi karatu."

"In sun ga sunana, sun san rugata."

"Sun sani."

"Sun san garken ɗiyana."

Na ce akwai wata hanya. Ina iya cire shafin gandun dajin gaba ɗaya, in bar na kogin, in sa sunanta a kai. Da gaske nake, kuma a raina ina roƙon ta zaɓi wannan, don in fita daga kunyar da nake ciki. Na san kundin zai rame, zai zama kamar makiyaya suna da wurin kiwo ya ishe su, rigima kawai suke so. A lokacin ban damu ba.

Ta juya fuskarta waje. Ta ƙofar bukka ana hango turken maruƙa, da babban ɗanta da ya dawo daga rijiya yana kwance wa jaki kaya. Shi take kallo.

"In kin hidda wancan, mi ya rage? Tsohuwa ta yi wanka da saniya." Ta girgiza kai. "Kar ki hidda shi. Su san abin da ya kai mu can."

"To sunan fa?"

"Bar shi yadda shike."

Ta faɗe shi kamar tana sallamar mai sayen da ya yi tayin banza. Amma na ga yadda ta cire 'yan kunnen ɗaya bayan ɗaya ta ƙulle a gefen zane, kuma abin ya yi mini ciwo fiye da in da ta zage ni. Na ce ta yi haƙuri. Ta ce ba ni na toshe burtali ba.

Na ɗauka an gama, na fara mayar da kundin cikin jaka. Sai ta ce in fito da shi, mutane suna jira a waje, ba a tara jama'a a sallame su da rabin magana.

Muka koma gindin tsamiya. Kowa yana inda muka bar shi, tsohon ma yana nan da igiyarsa. Inna ta zauna ta miƙe ƙafafu.

"Ɗiyata, koma bakin kogi. In kin kai ga tsohuwar nan, ki tsaya."

Na buɗe shafin. Na ce, "A shekarar farin," na tsaya. Inna ta faɗi sunanta, da na mahaifinta.

Ni ban taɓa kiran sunan nan da bakina ba, ba kuma zan fara a nan ba. A rugar ma ba mai kiransa. Matan 'ya'yanta suka sunkuyar da kai, don suruka ba ta jin sunan uwar mijinta ta ɗaga ido. Wata ƙaramar jika ta waiga tana neman wadda aka kira, uwarta ta dafa mata kai. Tsohon bai ɗago ba, amma hannuwansa sun tsaya a kan igiyar.

Na ci gaba. Duk inda Faransanci ya ce tsohuwar, ko matar, ko mai ba mu labari, sai in yi shiru, ita kuma ta cike. Da farko muryarta ƙasa-ƙasa take, kamar mai amsa gaisuwar suruki. Da aka kai inda ta miƙa jaririyar ga masunci, ta ɗaga ta kaɗan. Da aka kai inda ruwa ya kai wuya, har ɗanta da ke wurin jaki ya ji, ya saki igiyar kayan ya matso ya tsuguna a bayan yara. Ina karantawa ina tsayawa, tana faɗi, har shanun suka hau tudu a wannan gaɓar.